Da gaske ne ana yin batir da buntun shinkafa?

Dan_Kura_MaiInji:
Assalamu alaikum jama'a. Injin casar shinkafa gare ni a wajen Kura, kuma buntu ya zame mana ƙarfen ƙafa. Bayan inji tsibi ne har ya fi katanga tsawo. Masu kaji su ɗebi kaɗan, masu tuya su ɗebi kaɗan, saura sai mu cinna masa wuta ya kwana uku yana turnuƙe unguwa, maƙwabta na ta ƙorafi. Jiya ɗan yayana da ke jami'a ya tarar muna ƙonawa, ya ce wai kuɗi muke ƙonawa, wai a ƙasashen waje da irin wannan buntun da ɓawon kwakwa da totuwar masara ake yin gawayin da ake sa wa batir mai caji. Masana, gaskiya ne ko ƙanzon kurege? In gaskiya ne, wa ke saye?

Bakanike_SabonGari:
Wa alaikumus salam. Alhaji, shekara 18 ina fasa batir. Darma ce a ciki da ruwan asid, shike nan. Ban taɓa cin karo da gawayi ba. Yaran jami'a dai a bar su da labari.

Ummu_Hanifa:
Haba Malam Bakanike, ka manta batirin tocila? Muna firamare shi muke fasawa mu kwaɓa baƙin garin da ruwa mu shafe allon aji. Har da wani ɗan baƙin sanda a tsakiya. Wannan ba gawayi ba ne?

Malam_Kimiyya:
Kowannenku ya taɓo wani gefe. Sandan da Ummu Hanifa ta tuna kabon ne, garin kuma manganis ne gauraye da kabon, sai dai wancan batirin ba a yi masa caji. Na Bakanike kuwa na mota ne. Wanda yaron Alhaji ke nufi shi ne irin na waya da na sola na zamani.

Batirin wayarka, ɗaya daga cikin farantansa biyu kabon ne, irin wanda ake kira girafait, ɗan'uwan abin da ke bakin fensir. In ka jona caji, ƙwayoyin wani sinadari mai suna lithiyam su ƙetara su shige tsakanin shimfiɗun girafait su zauna. In kana latse-latse su fito su koma ɗaya farantin. Tun 1991 da Sony ya fara sayar da irin wannan batir, kabon ke wannan aiki. A lissafi, iyakar abin da giram ɗaya na girafait zai riƙe 372 mAh ne (mAh ma'aunin yawan caji ne).

To, inda tsiro ya shigo shi ne batirin sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri. Girafait ba ya karɓar sodiyam. Ka ɗauki girafait kamar tabarmi da aka jera ɗaya kan ɗaya, an danne, tazarar da ke tsakaninsu 0.335 nanomita (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Amma in aka gasa itace ko ɓawo ko sukari da wuta mai tsananin zafi ba tare da iska ta shiga ba, kabon ɗin da zai fito a hargitse yake, kamar tarin sakaina: wannan ta jingina da waccan, ga rata nan da can, ga 'yan ƙananan ramuka a ɓoye. Shi ake kira kabon mai tauri, kuma sodiyam na samun wurin zama a cikinsa. A shekarar 2000 wasu masana biyu a Jami'ar Dalhousie ta Kanada, Stevens da Dahn, suka gasa sukarin gulukos suka nuna yana riƙe wajen 300 mAh a giram. Yanzu kamfanin Kuraray na Japan da ɓawon kwakwa yake yin nasa, Stora Enso kuma a Finlan da wani ɓangare na itace da ke saura in an gama yin takarda.

Saboda haka yaron bai yi ƙarya ba, Alhaji. Tsakiyar labarin kawai ya tsallake.

Abba_Fiziks:
Malam, a gafarce ni da ɗan gyara. Yadda ka faɗa, mai karatu zai ɗauka girman sodiyam ne kawai ya hana shi shiga girafait. Ai potasiyam ya fi shi girma, kuma yana shiga. Abin da ake cewa shi ne haɗin sodiyam da girafait ɗin ne ba ya zama daram.

Malam_Kimiyya:
Gyara ya karɓu, Abba. Na sauƙaƙa ne har na wuce gona da iri.

MaiGawayi_Ningi:
To ni da nake yin buhu arba'in a sati, ashe masana'antar batir gare ni ban sani ba 😂 A turo min lambar Japanawan.

Malam_Kimiyya:
Mai gawayi, naka rabin tafiya ne. Ramin da kake binnewa da ƙasa zafinsa bai cika wuce digiri 400 zuwa 600 ba, kuma abin da ke fitowa akwai sauran kwalta da toka da yashi a jikinsa. Na batir sai an kai shi digiri 1,000 zuwa 1,500 a cikin tanderun da aka kore iska aka cika da naitirojin ko agon, an wanke tokar da asid, an niƙa shi ya fi bula laushi, kuma kowane buhu ya zo daidai da na jiya. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuyar.

Zee_Lab:
Bari in ba ku labarin tanderun nan, don da ɓawon gyaɗa na yi aikin digirina na biyu. Sati biyu ina wankewa, ina shanyawa, ina dakawa a turmin gidanmu har Mama ta ce in nemi nawa. Na zuba giram 20 a wani ɗan kwale-kwalen tangaran da bai fi tsawon yatsa biyu ba, aka tura cikin bututun tanderu, aka buɗe naitirojin, ana ganin kumfarsa na fita ɓul-ɓul a kwalbar ruwa ta ɗaya bakin. Zafi na hawa digiri biyar a minti ɗaya. Mun kai 700 da wani abu aka ɗauke wuta. Kafin a nemo mai makullin janareto an yi awa ɗaya da rabi. Na sake daga farko. Karo na biyu wuta ta tsaya, amma tukunyar gas ta ƙare cikin dare ba wanda ya lura. Da safe na jawo kwale-kwalen, sai ga toka fara fat, ko ɗigon baƙi babu. Iska ta shiga ta cinye kabon ɗin kaf. A bakin ƙofa na zauna na yi kuka mai isata.

Sai a karo na huɗu na samu, giram huɗu da 'yan kai. Kuma ban taɓa ganinsa a cikin batir da idona ba, don haɗa ɗan batirin gwaji, mai kamar kwabo, sai a cikin akwatin da babu iska babu danshi, mu kuwa ba mu da shi. Sai da malamina ya aika da shi waje.

Ummu_Hanifa:
Allah sarki Zee. Allah ya sa wahalar ta zama riba.

Dan_Kura_MaiInji:
Amin. To 'yata, ku da kuka taɓa, shi buntun nawa fa? Gyaɗa da kwakwa kawai nake ji ana ambata.

Zee_Lab:
Baba, buntu yana da nasa hali. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne, shi ya sa yake yi muku yawa. Shi kuma in an ƙona shi, tokar da yake bari ta kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, kuma yawancinta silika ce, wato abin da yashi ya ƙunsa. Shi ya sa yake ƙaiƙayi a jiki, shi ya sa yake cin ƙarfen inji, shi ya sa dabba ba ta ƙaruwa da shi. Ɓawon kwakwa kuwa tokarsa kaɗan ce ƙwarai, ga tauri, don haka kamfanoni suka fi son sa.

Amma silikar nan ba asara ba ce gaba ɗaya. In aka gasa buntun sannan aka dafa shi da soda mai ƙuna, silikar ta narke ta fita, duk inda ta tashi ta bar rami. Sai ka samu gawayi mai ƙofofi ba sai ka sha wahalar huda shi ba. Wasu ma silikar suke bi, su mayar da ita silikon, wanda ke riƙe lithiyam kusan ninki goma na girafait. Matsalarsa kumburi, yana ninka girmansa wajen sau uku in ya cika, sai ya farfashe.

Sadiq_Injiniya:
Ni abin da na karanta shi ne ƙofofin su ne komai. Ana gasa gawayin da potasiyam haidiroksaid a wajen digiri 800, ya cinye jikinsa ya zama kamar soso. Giram ɗaya sai a samu faɗin fili a cikinsa sama da murabba'in mita 1,000, wani har 2,000. Ku lissafa, giram bakwai kacal ya ba ka faɗin filin ƙwallo. Iya yawan ƙofa, iya yawan caji.

Malam_Kimiyya:
Sadiq, lissafin fili daidai ne, amma jimlarka ta ƙarshe ita ce kuskuren da ɗalibai suka fi yi. Ya danganta da abin da za ka yi da shi.

In sufakafasita za ka yi, wadda ke ɗaukar caji cikin daƙiƙoƙi ta sake shi cikin daƙiƙoƙi, e, ƙofofi buɗaɗɗu kake so, don a fatar gawayin cajin ke maƙalewa. Haka batirin lithiyam da farar wuta da ake ta gwaji a kai, ana son ramukan su riƙe farar wutar kada ta narke ta bi ruwa. Amma farantin batirin sodiyam, yawan fili a buɗe illa ne. Ranar da aka fara yi masa caji, ruwan batirin yana taɓa duk inda ya samu fili ya yi wata 'yar ɓawo a kai, kuma sodiyam ɗin da ya shiga yin ɓawon nan ya tafi ke nan. Mai yawan ƙofa sai ya cinye rabin jarinka tun ranar farko. Abin da ake nema a nan ramuka ne rufaffu, waɗanda sodiyam zai iya kutsawa amma ruwan ba zai iya ba. Rumbu ake so mai ƙaramar ƙofa, kai kuma kwando kake kawowa.

Sadiq_Injiniya:
Na ji, amma ban gamsu duka ba. Akwai masu fara huda shi sannan su sake gasawa da zafi mai yawa don bakin ramukan ya rufe. Ka ga hudawar ba ta zama banza ba.

Malam_Kimiyya:
Ana yi. Sai dai gashi biyu ke nan, kuɗin wuta biyu.

Hadjia_Maradi:
Ni duk wannan lissafin ya fi ƙarfina, amma da kuka ce potasiyam sai na tuna ruwan toka. Kakata karan hatsi take ƙonawa, ta zuba tokar a tukunya mai huji a gindi, ta sa ruwa yana ɗiga. Da shi take miya in babu kanwa, da shi take sabulu. In ya yi ƙarfi har hannu yake ci. Ko shi ne?

Zee_Lab:
Hajiya, ɗan gidansu ne. Ruwan toka potasiyam kabonet ne ya fi yawa a cikinsa, kuma shi ma ana huda gawayi da shi, bai dai kai potasiyam haidiroksaid ƙarfi ba. Kanwa kuma sodiyam kabonet ce, kuma daga irin wannan sinadari, bayan an tace shi tas, ake samo sodiyam ɗin batir.

Bakanike_SabonGari:
To madalla. Buntu, toka, kanwa. Saura kuka da daddawa mu sauke batir 😂

Hadjia_Maradi:
Ka yi dariya. Kanwar da raƙuma suka yi ɗaruruwan shekaru suna saukowa da ita daga ƙasar Manga da bakin Tafkin Cadi, wa ya san ranarta.

Solar_Kabiru:
Mu dawo ƙasa. Ni sola nake haɗa wa mutane. Mai gida ba ya tambayata da me aka yi faranti, tambayarsa shekara nawa zai yi kuma nawa ne. Batirin tubula, mai darma da asid, in an yi sa'a shekara biyu zuwa uku a zafin nan namu, musamman in an ajiye shi a ɗakin da ba taga. Na lithiyam ya fi daɗewa amma kuɗin ke korar mutane. In na sodiyam zai zo da araha, ko da ƙashin shanu aka yi shi zan saya. Ya fi nauyi a kan ƙarfin da yake bayarwa, to sai me? Ba a aljihu za a sa shi ba, a lungu zai zauna.

Kuma Malam Bakanike, har irin batirin da kake fasawa akwai wanda ake ƙara wa kabon a farantinsa don kada ya yi saurin yin farin gishirin nan da ke kashe shi. Ana sayar da su, ka duba jikin wasu na sola za ka ga an rubuta.

Bakanike_SabonGari:
Wannan kam na gani a rubuce, na ɗauka talla ce.

Aminu_Tattali:
Kabiru ya taɓo inda gizo ke saƙar. Kamfanin batir na CATL na Caina ya nuna batirin sodiyam ɗinsa na farko a 2021, mai 160 Wh a kilo (Wh ma'aunin ƙarfin wutar da batir ke ajiyewa ne). Lokacin farashin lithiyam na ta hawa, har ya kusa yuwan 600,000, kuɗin Caina, a tan a ƙarshen 2022, kowa ya ruga neman madadi. Kafin ƙarshen 2023 farashin ya faɗo wajen 100,000, zumuɗin ya ragu. Northvolt na Suwidin ya sanar da nasa na sodiyam a Nuwamba 2023, ga shi a Maris 2025 kamfanin ya durƙushe. Abin da ya hana maganar mutuwa shi ne siyasa: kusan duk girafait ɗin batir a Caina ake tace shi, kuma daga Disamba 2023 ta sa sai da lasisi za a fitar da shi. Turawa da Amurkawa suka ga gara su nemi kabon daga dazukansu. Sodiyam kuma yana da wata riba, ba ya buƙatar takardar tagulla a faranti, alminiyam ya isa.

Amma mai sayen buntun Alhaji fa? Kamfanin batir ba buntu yake saye ba. Gari yake saye wanda ya gwada wata da watanni ya tabbatar tan dubu na farko da na ƙarshe duk ɗaya ne. Giram huɗun Zee hangen Dala ne.

Zee_Lab:
Na karɓa, Yaya Aminu. Amma mai hangen Dala ya fi wanda bai san gabas ba.

Manomi_Gaya:
Ni kalmar "shara" ce ke ba ni haushi a maganar nan. Wa ya ce muku kara shara ne? Da shi muke danni, da shi mata ke girki, shanu su ci, abin da ya rage ya ruɓe gona ta samu. Harawa kuwa kuɗi ce tsaba, ku je kasuwa da rani ku tambaya. Ranar da kamfani ya fara sayen karan dawa da tirela, gonakinmu za su koma faƙo. Mun ga yadda gawayi ya yi wa ƙirya da marke.

MaiGawayi_Ningi:
Baba, kada a ɗora mana duka. In ba a saye ba za mu sara ba. Gas ya yi tsada kowa ya dawo kanmu.

Aminu_Tattali:
Manomi ya yi gaskiya a kan kara. Buntu kuwa dabam ne, don ya riga ya taru wuri ɗaya a bakin inji, ba sai an bi gona-gona ba. Illarsa rashin nauyi: ka cika mota har sama, ka auna ka ga ba komai. Duk mai son sarrafa shi dole ya kafa tanderunsa kusa da masu casa.

Zango_Boy_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan ɓawon kwakwa ne ya dame mu, duk inda mai sayarwa ya tsaya sai ya bar tsibi. Ga shi ma'adinan zinare irin na Tarkwa da gawayin kwakwa suke kama zinare daga cikin ruwan taɓon da suka narkar da shi. Ni a ganina kafin a kai ga batir, wannan kasuwar da ta tace ruwan sha su ne a kusa.

Malam_Kimiyya:
Shawara mai kyau, don gawayin tace ruwa bai kai na batir tsananin sharuɗɗa ba, kuma da tururi ma ana huda shi. Abu ɗaya dai: kwakwar da ake sarewa a sha ruwanta ɗanya ce, ƙoƙonta bai yi ƙwari ba. Masu wannan sana'a a Siri Lanka da Filifin da Indunusiya ƙoƙon busasshiya suke amfani da shi, wadda aka cire wa nama don mai.

Hadjia_Maradi:
To ƙwallon goruba fa? Wannan ko guduma sai ta yi da gaske.

Zee_Lab:
Wallahi Hajiya tun ɗazu shi nake tunani.

Yaro_Mai_Gwaji:
Ni gobe zan gwada da durom. In cika da buntu, in rufe, in hura wuta a ƙasa, in zuba soda. Zan kawo rahoto.

Ummu_Hanifa:
Kai yaro, rufa wa uwarka asiri.

Zee_Lab:
Ƙanena, gasa buntu a durom ba laifi, a fili dai, nesa da ɗaki, don hayaƙinsa akwai iskar nan mai kisa da ba ta da wari, irin ta janareto. Ka huda murfin kuma, kada ka toshe shi ruf. Abin da za ka samu ka gauraya da taki ka zuba a gona, yana taimaka wa ƙasa mai yashi ta riƙe ruwa. Soda kuwa ka bar ta. In ta yi zafi ta fantsama a ido, an gama. Ni da safar hannu da gilashi na yi, duk da haka akwai tabo a wuyan hannuna har yau.

Sadiq_Injiniya:
Ni dai har yanzu ina kan bakana cewa buntu ya fi dacewa da mai buɗaɗɗun ƙofofi, tunda silikar ta riga ta yi rabin aikin. A bar wa kwakwa na sodiyam.

Abba_Fiziks:
Wannan kuma sai an gwada an auna. Buntun ma ba iri ɗaya ba ne, na fadama da na tudu tokarsu ba za ta zo ɗaya ba.

Dan_Kura_MaiInji:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta duka har sau biyu. Abin da na fahimta, yaron ya yi gaskiya, amma ba gobe tirelar Japan za ta tsaya a ƙofar injina ba. Na durom ɗin nan da gona zan sa yara su gwada a gefe ɗaya na albasa, mu gani. Ke kuma 'yata Zee, in har kina son buntu don gwajinki, kyauta ne, ko mota guda. Na shinkafar da aka yi wa gumi kike so ko na ɗanya? Don mu duka biyun muke casa, kuma a wuri ɗaya suke zuba.

Zee_Lab:
Na gode Baba, Allah ya ƙara buɗi. Mota guda ina zan kai ta 😅 Rabin buhu na kowanne ya ishe ni shekara. A raba su dai, a rubuta a jiki, kuma don Allah a tara daga bakin inji kafin ya taɓa ƙasa, yashin da ke shiga shi ke ɓata min awon toka.

Bakanike_SabonGari:
Alhaji, in za a kawo mata ta Sabon Gari a biyo da buhu biyu, kajin gidana ma suna da buƙata.